Tsuntsayen da Suka Riga Ni Zuwa Gida

Matata Hajara ta rasu ran Alhamis da hantsi a ɗakin mahaifiyarta, a Hayin Dogo, Samaru, nan Zariya. Aka yi mata sutura, aka kai ta kafin la'asar. Ni mijinta ban ji ba sai bayan kwana ashirin da bakwai. Zan faɗi yadda aka yi ɗaya bayan ɗaya, don ba na son magana a hargitse, kuma don har yau a unguwarmu Jushi akwai masu cewa na ji na yi shiru.

Na farko: gona

Sunana Haruna, sana'ata gyaran injin ban ruwa. Shekara goma sha tara na yi a wani gareji a Chikaji, babu mai noman rani a bakin kogin Galma da bai san hannuna ba. Da garejin ya rufe, ciwon ƙoda kuma ya kwantar da Hajara, sai Sabi'u ya aiko cewa ana neman mai gyaran inji a gonar dabinon da yake aiki a Aljeriya. Sabi'u ba baƙona ba ne. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da namu a Jushi, benci ɗaya muka zauna a firamare, shi ne babban abokina ranar aurena. Na mayar da Hajara wurin mahaifiyarta tare da 'yarmu ɗaya tilo mai shekara goma sha bakwai, wadda muke kira Ummi don sunan mahaifiyata ta ci. Na tafi.

Gonar tana bayan garin In Salah, tafiyar awa biyu a mota cikin yashi. Mu goma sha biyu ne ma'aikata, Hausawa da Zabarmawa, Sabi'u ne shugabanmu saboda ya iya Larabcin mutanen. Rijiyar burtsatse biyu ce, inji biyu, sai wani babban komin siminti da ruwa yake taruwa a ciki kafin a sake shi ya bi gindin dabino. In inji ya tsaya kwana uku, gona ta fara mutuwa. Shi ya sa kowa yakan samu leƙa gari wani lokaci, ban da ni.

Babu sabis a gonar ko ɗigo. Ga yadda muke yi. Ran Alhamis kowa ya ɗauki muryarsa a waya, ya faɗa wa iyalinsa abin da zai faɗa. Ran Juma'a da safe Sabi'u ya bi mu da wani ƙaramin buhun shinkafa, kowa ya jefa wayarsa ciki. Ya bi motar cefane zuwa gari, ya kunna wayoyin ɗaya bayan ɗaya, namu saƙon ya fita, na gida ya shigo. Da yamma ya dawo ya zazzage buhun a kan tabarma, kowa ya ɗauki tasa ya nemi gindin bishiya. Wata bakwai muna haka, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Wata Juma'a, ana gab da fara yankan dabino, ya miƙo mini wayata babu saƙo ko ɗaya, nawa ma bai fita ba.

"Layinka ya toshe," in ji shi. "Ka san layukan nan da ba da takardarka aka buɗe su ba, haka suke yi. Zan sa a duba."

"To gida fa?"

"Na kira da tawa, na yi magana da Ummi. Jiki da sauƙi, har ta sha kunu kofi guda. Ka kwantar da hankalinka, injiniya."

Juma'a ta biyu ya ce ta fara zagaya tsakar gida da sanda. Ta uku ya ce tana gaishe ni, wai in rage faɗa da mutane. Na yi dariya, don haka take ce mini kullum. Wannan ita ce ta fi ci mini rai har yau. Ya san maganarta tun muna samari, ya ɗauko ta ya saka a bakin matar da take cikin ƙasa, ya kawo mini na yi dariya. Juma'a ta huɗu ya ce likita ya rage mata magani.

Na biyu: gari

Ran Laraba boris ɗin babban inji, zoben ƙarfen da sandar inji take juyawa a cikinsa, ya fashe. Sau biyu a baya Sabi'u yana sayo wanda bai shiga ba, don haka mai gona, wani dattijon Balarabe marar yawan magana, ya ce in shiga mota mu je in zaɓa da kaina.

Sabi'u ya biyo ni har bakin mota. "Ba ni tsohon in kai musu, kai ka tsaya kan ƙaramin inji."

"Sau biyu kana kaiwa. Bari in ga garin nan ni ma."

"To bar wayar mana. Me za ka yi da waya marar layi?"

Na ce zan nuna wa mai gyara. Na ga bai so ba, amma ban fassara ba.

A ƙofar shagon kayan inji na kunna ta. Ba ta yi minti ɗaya ba ta fara rawa a hannuna, saƙo yana bin saƙo. Layina lafiyarsa ƙalau. Ni mutum ne da ba ya fara abu daga ƙarshe, don haka na jingina da bango na fara daga sama.

Na farko Ummi ce: "Baba, jikin Mama ya tashi, ka kira mu." Na biyu babu magana, sai kuka da salatin mata. Na uku limamin unguwarmu ne, a hankali, yadda yake magana: sun yi waya da Sabi'u, ya ɗauki alkawarin zai zaunar da ni ya gaya mini, Allah ya jiƙanta, ya ba ni dangana.

A wurinmu ba a jefa wa mutum labarin mutuwa a kunne yana can wata duniya shi kaɗai. Ana neman amininsa na kusa, a ɗora masa, shi ya samu lokacin da ya dace, ya zaunar da shi, ya fara da salati. Abin da mutanen gida suka yi ke nan, kuma daidai suka yi. Sun zaɓi wanda ni ma da shi zan zaɓa.

Daga nan sai gaisuwar mutanen Chikaji, da masu lambun Galma, kowa yana cewa ya haƙuri. Sai Ummi kuma, bayan sadakar bakwai: "Baba, Baba Sabi'u ya ce ka ji, wai ka ce aiki ba zai bar ka ba sai bayan kaka. Ko kira ɗaya, Baba?" Saƙonta na ƙarshe gajere ne, muryarta a bushe: "Na daina turowa. Allah ya ba da sa'ar dabino."

Na kira ta, ashe ta rufe lambata. Na kira mahaifiyar Hajara.

"Salamu alaikum, Inna. Baban Ummi ne."

"Na ji murya."

"Wallahi, Inna, yanzun nan nake..."

"Kada ka rantse mini. Talata ta sama ce arba'in. Mai zuwa ya zo."

Ta kashe. Gidan surukaina masu yin sadakar arba'in ne, ana kafa rumfa, dangi su taru, mijin mamaciya ya zauna a gaba a yi masa gaisuwa. Na lissafa, saura kwana goma sha uku. In ban zauna a tabarmar nan ba, maganar Sabi'u ta zama gaskiya, na rasa mata kuma na rasa 'ya.

Na shiga shago na zaɓi boris, na auna shi da tsohon, ya yi daidai. A mota na gaya wa mai gona da guntun Larabcina da hannu. Ya tsayar da mota a tsakiyar yashi, ya dafa kafaɗata. Ya ce baƙo marar cikakkiyar takarda ba ya bin hanyar kudu shi kaɗai, za a tsince shi a shingen farko. Motar dabinonsa za ta tashi zuwa Tamanrasat ran Talata, zai sa ni gaba kusa da direba. Kwana shida ke nan zan zauna.

Na uku: Sabi'u

Sai da na ɗaura boris, na tayar da inji, na ga ruwa ya hau, sannan na neme shi. Suna zaune a inuwa ana cin abincin rana. Sifanar ɗaure noti tana hannuna, na ajiye ta nesa kafin in ƙarasa, don na san kaina.

"Sabi'u, yaya jikin Hajara?"

Ya dubi aljihuna inda wayar take. "Haruna, zauna."

"Yau kake ce mini zauna? Tun yaushe aka ce ka zaunar da ni?"

"Ka saurare ni, ɗan'uwa. Ranar da aka kira ni an riga an rufe ta. Ko jirgi ka hau ba abin da za ka tarar. In na gaya maka, ka tattara ka tafi ana shirin yanka, inji ya tsaya, mutumin nan ya sallame mu gaba ɗaya. Mutum goma sha ɗaya, kowa da bakin da yake ciyarwa. Na ce bari a gama kaka in gaya maka, mu tafi tare, ni in yi musu bayani."

"Kunun da ta sha fa? Kofi guda?"

Ya kau da kai, na ƙara matsowa.

"Sandar da take zagaya tsakar gida da ita, wa ya sassaƙa mata? Kai?"

"To me kake so in ce maka? Kullum kana tsare ni da ido."

"Me ka gaya wa 'yata?"

"Na ce ka ji, ka dangana."

"Ka ce mata dabino ya fi uwarta."

"Ban faɗi haka ba!"

"Haka ta ji."

Na juya na dubi sauran. Babu wanda ya ɗago kai daga kwano. A nan na gane abin da ya sa wata guda ke nan ana tura mini tsokar nama gabana, ana hana ni ɗaukar kaya mai nauyi, ana ce mini sannu ba dalili. Duk sun sani. Sun yi mini zaman makoki a gabana, ni ina ci ina godiya.

Na huɗu: komin ruwa

Na kwashe tabarmata daga ɗakin ma'aikata na koma ɗakin inji. Salla ban fasa ba ko ɗaya, amma yadda nake ɗaure noti haka nake yin ta, jiki yana aiki, zuciya tana wani wuri. In na ɗaga hannu zan yi wa Hajara addu'a sai fuskar Sabi'u ta shiga tsakani.

Zan faɗi abin da na yi niyya, tunda na ce ba zan tsallake komai ba. Na san inda zan zuba yashi cikin tafin hannu a injinan nan biyu, ba za su tsaya ba sai na yi nisa, kuma babu mai tashinsu. Dabinon da aka sayar da ni a kansa ya bushe a kan uwarsa. Har yashin na tankaɗe, na zuba a gwangwanin madara na ajiye bayan ƙofa.

Ran Asabar da gari ya waye na fito duba ruwa, na tarar da 'yan tsuntsaye uku sun mutu a cikin komin. Bangonsa a tsaye yake, ga santsi, in sun sauko sha suka zame babu abin kamawa. Na tsamo su na jera a kan siminti.

Akwai wani tsohon Buzu, Baba Gali, mai kiwon awakin mai gona. Ba ya kwana cikinmu, ba ya ci tare da mu, shi ya sa ba a saka shi cikin maganar ba. Shi kaɗai ne da ya ji ya zo ya zauna gefena, ya dafa shayi sau uku, ya yi mini gaisuwa da Hausarsa ta Agadas. Ran nan ya kawo awaki shan ruwa ya same ni tsugune.

"Waɗannan ba 'yan nan ba ne," ya ce. "Daga bayan teku suke. Ƙasarku za su."

"Ƙasarmu?"

"Duk shekara, lokacin yankan dabino, su wuce kudu. In zafi ya taso su dawo. Kai ba ka gan su ba ne, kullum kanka cikin ƙarfe."

Na ɗauki ɗaya na duba. Cikinta rawaya, wutsiya doguwa. Na san ta. Irinta ce take bin ƙafar shanu a fadamar Galma da rani, tana kaɗa wutsiya tsakanin fangalin albasa. Shekara goma sha tara ina gyaran inji tana yawo a gefena, ban taɓa tambayar daga ina take ba. Na auna ta a tafin hannu, ba ta kai nauyin ƙaramin noti ba. Wannan abu ne ya ƙetare teku, yake shirin ƙetare yashin da ya kusa kashe ni lokacin zuwana, ina cikin mota da jarkar ruwa.

Na tona rami a gindin dabino da ƙarfen taya. Na gyara shi sosai, na jera su, na juya su gabas, na rufe, na daddaɓe ƙasar da hannu. Na san iyakata, ban yi musu salla ba. Amma hannuna yana kan ƙasar nan sai abin ya ƙwace mini. Ban ɗauki makarar Hajara ba, ban zuba mata ƙasa ba, ban san ma ta wane gefen maƙabarta take ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Baba Gali ya kora awakinsa can gefe ya ba ni baya har na gama.

Da rana na yanke tsohuwar jarka gida biyu, na zuba tsakuwa a ciki, na sassauta wani mahaɗin bututu kaɗan yadda zai riƙa ɗiga, ruwa ya kwanta iya ƙafar tsuntsu. Komin kuma na jingina masa zarbar dabino biyu daga ciki, wanda ya faɗa ya samu matakala.

Kwana ukun da suka rage, da na idar da asuba sai in zauna ƙofar ɗakin inji. Suna da tsari. Kurciyoyi ne suke fara zuwa. Sai tsattsewa, su ba sa sauka, a guje suke shafar ruwan komin su wuce. Sai ƙananan, rana ta ɗan ɗaga, su faɗo daga sama kamar an jefo su. Suna sauka ba sa sha nan da nan. Sai su tsaya baki buɗe, fiffike a sake, ƙirji yana bugawa, sannan su tsoma baki su ɗaga kai sama, su tsoma su ɗaga. Babu mai guzuri a cikinsu, babu mai takarda, babu wadda ta ba wata ajiyar saƙonta. Ran Lahadi shaho ya sauko ya sure ɗaya a gabana. Sauran suka watse, suka dawo suka ci gaba da sha.

Ni ba malami ba ne, karatuna bai yi nisa ba. Abin da ya zo mini a zaune a wurin shi ne wannan. Wanda ya san yawan tsuntsayen nan, ya san wadda za ta faɗi a yashi da wadda za ta kai Galma, bai manta da ko ɗaya ba. Shi yana wurin da Hajara ta cika. Yana wurin da na yi dariya ran Juma'a ta uku. Ya san ban sani ba. Ko duk Samaru da Sabon Gari sun ƙaryata ni, ina da shaida ɗaya. Ran nan na ɗaga hannu na yi mata addu'a daga farko har ƙarshe, babu fuskar kowa a tsakani.

Gwangwanin yashin na zubar. Ba don Sabi'u ba, kada wani ya ɗauka na huce. In inji ya tsaya, ɗigon nan ma ya tsaya.

Na nuna wa wani Bazabarme yadda ake duba mai da bel, na ja masa kunne kada ya ɗaure mahaɗin da yake ɗiga. Ran Talata ina hawa mota Sabi'u ya matso.

"Haruna, don Allah in ka je Jushi ka ce wa tsohuwata ina lafiya."

"Ka kira ta ran Juma'a. Ai taka wayar tana kamawa."

Na biyar: hanya

Kwana biyu muka yi zuwa Tamanrasat. Duk inda direban ya tsaya sai ya raba burodinsa biyu ya ajiye rabi a cinyata.

A Tamanrasat na faɗa hannun wani mai ƙetarar da mutane. Da ya ji Hausata ya rungume ni, wai shi ma ɗan Zariya ne, ya yi tallan agogo a PZ, har ya ambaci mai tsiren da na sani. Da muka kusa iyaka ya sauke mu, mu kusan ashirin, ya fito da jaka ya ce kowa ya kawo wayarsa, wai da ita ake gano mutane, zai zagaya da mota ya same mu a ɗaya gefen. Na tsaya ina kallon jakar. Na baya suna cewa malam ka yi sauri. Na jefa. Ba mu sake ganinsa ba. A cikin wayar nan akwai saƙonnin da za su nuna ranar da na ji, akwai kuma muryar Hajara ta wata bakwai. Sau biyu ke nan ina saka wayata a jakar ɗan garinmu.

Muka taka da ƙafa tun sanyin safiya har rana ta take. A kan yashin na ga irin tsuntsayen nan a bushe, nan ɗaya, can ɗaya. Da muka zauna hutawa wata mai rai ta zo ta shiga inuwata ta tsaya, don babu wata inuwar. Na zuba mata ruwa a murfin gora. Ban motsa ba sai da ta tashi, har 'yan tafiyar suka fara yi mini tsawa. Kudu ta yi.

Da muka ƙetare iyaka muka samu mota zuwa Arlit, sannan Agadas ran Lahadi. Direba ya rantse yanzu za mu tashi, ashe lodi yake jira, sai Litinin da yamma muka fita. Bayan Tanut mota ta mutu, ni na kwance famfon mai na wanke na mayar. Talata, ranar arba'in, la'asar ta same ni a tashar Damagaram. Na san can an yi addu'a an shafa, wurina babu kowa. Na sayi waina na raba wa mutanen tasha, na zauna ƙarƙashin wata bishiya da balbelu suke dawowa kwana a kanta. Suna ta sauka layi layi har ta yi fari. Na yi wa Hajara tawa addu'ar a nan.

Na ƙarshe: Hayin Dogo

Laraba da hantsi na sauka a Kwangila, Zariya. Ban bi ta Jushi ba, na hau motar Samaru. A ƙofar gidan an kwance rumfa, benci a jingine da bango ana jiran mai su. Maƙwabta biyu suka gan ni suka kau da kai.

Na cire takalmi tun daga zaure, na durƙusa a bakin ƙofar Inna, kaina a ƙasa. Na ga ƙafar Ummi a bayan labule.

"Ka zo," in ji Inna. "Jiya aka tashi."

"Na sani, Inna. A Damagaram ta same ni."

"To faɗi abin da ka zo da shi."

Na faɗa, daga buhun wayoyi har tashar Damagaram, yadda na rubuta a nan. Ba ta katse ni ba.

"Ina wayar?"

"An sace a iyaka."

"Wa zai shaide ka?"

"A cikin mutane babu, Inna."

"Can da ka ji, wa ya yi maka gaisuwa?"

"Wani tsohon Buzu mai awaki."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Ni ban ga zuciyarka ba, Baban Ummi. Kwana arba'in ina jin haushinka, ba yau zai fita ba. Amma na ga ƙafarka." Ta ɗaga murya. "Ummi! Ɗauko tabarma ki shimfiɗa wa ubanki a ƙofar gida. A gaya wa maƙwabta mijin Hajara ya iso, nasa zaman yau ya fara."

Ummi ta fito da tabarma, ba ta dube ni ba. Ta rame, ta yi tsawo. Ta shimfiɗa a inuwar katanga, ta ajiye buta, na zauna. Na ɗauka za ta koma ciki, sai ta tsuguna a bakin zaure, tana kallon ƙasa.

"Baba," ta ce. "Wata biyu kafin ta rasu ba ta iya tashi zaune. Duk saƙon da na turo na ce maka da sauƙi, ita ta sa ni. Ta ce in ka ji za ka taho a rikice ka halaka a hanya. Ta sa na yi mata alkawari." Ta goge fuska da bakin hijabi. "Da aka ce ka ji ka ƙi zuwa, sai na ce da na faɗa maka tun farko, da ka same ta. Ni ma na ɓoye maka, Baba."

Wata uku ke nan kowa yana ba ni labarin da ya ga ya dace da ni. Na laluba raina in ji haushinsu, ita da uwarta, ban samu ba. Na mutum ɗaya na samu, yana nan har yau, ba zan yi ƙarya in ce na yafe ba.

"Ummi, ta sha wuya a ƙarshe?"

"Ta sha."

"Matso nan. Faɗa mini duka, daga farko. Kada ki rage komai."

Ta matso bakin tabarma ta fara. Tana cikin faɗa wani dattijon maƙwabci ya yi sallama, shi ne na farkon masu gaisuwa. Na amsa, na ɗaga masa hannu. Ya cire takalmi, ya zauna can gefe, ya jira har ta kai ƙarshe.